Shekarar da Muka Kwana Ɗaki Ɗaya da Barkono

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da ke hana mutum zama wuri guda. Ka shiga ɗaki ya koro ka, ka fito tsakar gida ƙasa ta gasa maka tafin ƙafa. Ina nan Kankara wajen ɗiyata Rabi, ba ni da aiki sai jan carbi da jiran la'asar. Shekaranjiya da hantsi na je ɗaukar buta a bakin rariya, sai na ga kiyashi sun yi layi suna hawa wani tsohon bokitin fenti da ta shuka attaruhu a ciki. Ban san sa'ad da na tsuguna na juya ganyen ba. Ga su nan kuwa a manne a bayansa, kore-kore, ƙanana kamar ƙwarƙwata.

Rabi ta leƙo daga madafi ta ce, "Inna, mi kike nema cikin wannan rana?"

Na ce, "Darɓa ce ta kama maki shuka. Kawo mani toka da sabulun salo."

Ta yi dariya, ta ce ai tushe biyu ne kacal, in sun mutu kasuwa tana nan. Gaskiyarta. Amma ni tun daga wannan tsugunon zuciyata ta koma Faskari, ta ƙi dawowa.

Mu mutanen wani ƙauye ne can bayan Sabuwa, inda itatuwa ke haɗa kai su rufe hanya. Mai gidana, Malam, Allah ya jiƙansa, yana noma dawa da masara kamar kowa, amma barkono shi ne sunansa. Irin ya gada daga mahaifinsa. Ɗan gajere ne mai kauri, in ya nuna sai ya yi ja har ya so ya yi baƙi, kuma ƙamshinsa yana riga yajinsa isowa. Da kaka muna shanya shi a kan fa bayan gari, dutsen ya yi ja wur, ka hango shi tun daga rafi. Wanda za a yi iri da shi Malam ne ke zaɓa da hannunsa, ya ɓare, ya gauraya da toka, ya ɗura a wata tsohuwar gora ta duma, ya rataye ta can cikin rumbu. Ko ni ban taɓa saukar da gorar nan ba.

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka fito ba. Ɓarayin daji sun shiga ƙauyen da ke kusa da mu, muka ga hayaƙi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni kwallar kayan miyata na sungumo, ban ma san me ke ciki ba. Muka bi ta Sabuwa, muka yi ta canjin mota har Faskari, inda yayan Malam yake, Alhaji. Faskarin ma ba kwanciyar hankali ce da ita ba, amma gari ne, akwai mutane.

Alhaji ya ba mu ɗaki a ƙuryar gida, rufin kwano, da taga guda mai kallon gabas. Matarsa Hajiya Abu ta karɓe mu hannu biyu, Allah ya saka mata. Mace ce mai faɗa da baki, mai kyauta da hannu. Tsakar gidanta siminti ne tas, kuma ba nata ba ne ita kaɗai, na awaki ne da kaji.

Ni na samu abin yi nan da nan, don mace ba ta rasa turmi. Malam ne ya zama abin tausayi. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, sai ga shi da hantsi yana zaune a zaure yana kallon masu wucewa. Zaman ma ba ya iyawa. Ya tashi ya je bakin titi, ya dawo, ya ɗauki fartanyar Alhaji ya duba bakinta, ya ajiye, ya sake fita. Duk wanda ya zo daga wajen Sabuwa sai ya tare shi da tambaya. Abinci kuwa, loma kaɗan ya ture kwano.

Wata rana ina zazzage kwallar nan sai wani ɗan ƙullin tsumma ya faɗo. Barkononmu ne, ɗan abin da na ɗiba don miya, duk hayaƙin murhu ya dafa shi. Na ɗauka zan jefa a turmi, Malam ya riƙe mani hannu.

"Hansai, ki daka mi?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya a kan faifai. Ya nemo fasasshen tulu, da bokitin da ya huje, da gwangwanaye, ya je bayan gari ya ɗebo ƙasa da taki a buhu. Yawancin ƙwayoyin ba su fito ba, hayaƙi ya kashe su. Waɗanda suka tsiro ya jera su a gindin katanga. Kwana kaɗan akuyar Hajiya ta yi kalaci da rabinsu. Malam ya kwashe ragowar ya shigo da su ɗakinmu, ya jera a ƙarƙashin taga, ya matsar da tabarmarmu can jikin bango. Daga ranar muka koma mu ne 'yan rakiya a ɗakin.

Amma ya samu abin da zai tashi dominsa. Da safe ya juya su don kowane ya samu rana. Alwala ma a kansu yake yi, ruwan na sauka cikin tukwanen, ni ma ya ce in riƙa yin haka. Suka yi kore, suka kai gwiwa, wasu har sun fara ƙullin fure. Ana haka azumi ya kama.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Kwanon ɗakin nan in rana ta take sai ka ji yana ƙara kamar ana taka shi. Rijiyar gidan ta ja baya har guga na dawowa da laka. Muna bin layin famfon tuƙa-tuƙa tun da sassafe, mata da jarkoki kamar ranar kasuwa, wani lokaci ki kai bakin famfo ya ce ya gaji. Kafin azahar miyau ya ƙafe, harshe ya yi nauyi. Hajiya takan jiƙa zani ta lulluɓa, kafin ta gama salati ya bushe. Duk ɗigon ruwa a gidan nan sai ya yi aiki biyu: na wankin shinkafa awaki su sha, na wanka a yayyafa a ƙasa.

Ni na fara lura. Ina shara sai na ji tsintsiya tana kamawa a ƙasan tukwanen, na taɓa na ji danƙo kamar an zubar da ruwan sukari. Na ɗauka kunun buɗa-baki ne ya ɗiga. Kashegari na ga kiyashi sun shigo ta ƙarƙashin taga sun yi hanya har kan shukar. Sababbin ganyen da ke kai sun nannaɗe, sun murtuke kamar fuskar jariri mai shirin kuka. Na kira Malam. Ya juya ganye guda, muka ga bayansa a cike maƙil, wasu kore, wasu ɗorawa-ɗorawa, ga wani fari-fari kamar dusa a tsakaninsu. Ko motsi ba sa yi, sun kafa baki suna tsotso.

Ya ce, "Darɓa. Har nan ta biyo ni."

Mun san ta a gona, tana kama dawa da wake da gyaɗa. Amma a gona ruwan sama na wanke ta, iska na kaɗa ta, ƙwari na cin ta, ba ta cika tayar wa manomi hankali ba in damina ta yi kyau. A ɗaki kuwa babu mai taɓa ta. Ga ɗumi, ga inuwa, ga kiyashi na yi mata gadi don zaƙin da take fitarwa. Abin da kika gani yau, jibi ya ninka.

Alhaji ya ce a sayo maganin feshi a kasuwa a huta. Hajiya ta ce ba a gidanta ba. "A ɗakin da suke kwana, Alhaji? Ga garin kununsu a ciki? Mutum da azumi a baki ya shaƙi wannan abu, sai dai a kwashe shi." Malam ma bai so ba, ya ce furen ba zai jure ba.

Sai ya yi nasa. Malam mutum ne mai haƙuri da ƙasa, amma shekarar nan haƙurinsa ya ƙare. Ya kaɗa sabulu a kwano har ya yi kauri kamar koko, ya shafe su da shi da hantsi, ranar na dukansu ta taga. Darɓar ta mutu kam. Amma da gari ya waye ganyen duk sun yi tabon ƙuna, ƙullin furen ya zube a ƙasa, tushe biyu kuwa suka sunkuyar da kai ba su ƙara ɗagowa ba. Bayan kwana kaɗan kuma ga darɓar ta sake fitowa a sabon toho, kamar ba a yi komai ba.

A daidai lokacin ne hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya taso da yamma, ya yi baƙi, a ji ƙamshin ƙasa daga nesa, sai iska ta watsa shi. Duk manomi ya san abin da wannan ke yi wa jini. Malam ya daina zama ko a zaure. Sai in gan shi a ƙofar gida da Sale, maƙwabcinmu na ƙauye wanda shi ma ya yi gudun hijira zuwa Faskari, suna magana ƙasa-ƙasa a jikin babur ɗin Salen.

Ranar da ya faɗa mani, mun sha ruwa ke nan, ko tuwo ba a kawo ba.

"Hansai, waɗannan ba za su yi ba. Iri na can rataye a rumbu. Mu tai da Sale, mu ɗauko, mu ga gonakin, mu juyo."

Na ce, "Malam, wa ya je ya dawo da za ka je?"

"An ce sun matsa yamma."

"Wa ya ce?"

Na ce masa shukar nan ba ta mutu ba, a ba ni ita in gwada irin na innata, yadda take yi wa wakenta na bayan ɗaki. Na ce ya bari ko bayan Salla ne. Alhaji ya kira shi ya yi masa faɗa irin na wa da ƙane, har ya ce in ya fita kada ya ce da yawunsa. Malam ya sunkuyar da kai ya ce to. Na san wannan to ɗin. Mun shiga goman ƙarshe, wata safiya ya dawo daga masallaci, ya tsaya a kan tukwanen ya daɗe, sannan ya ɗauki hularsa.

"Ki riƙa juya su," in ji shi. "Jibi war haka muna nan, in Allah ya so."

Na bi shi har zaure. Ban yi kuka ba, don ba a yi wa matafiyi kuka. Na ji tashin babur har ya ɓace.

Jibi ta zo ta wuce. Ƙauyenmu waya ba ta shiga, ta Sale kuma kullum a kashe. Alhaji ya aika tambaya Sabuwa wajen direbobi, aka ce an ga wucewarsu, ba a ga dawowarsu ba.

Abin da na ga Malam yana yi, shi na koma yi. Na kasa zama. In ji ƙarar babur a lungu in fito da gudu, in tarar mai sayar da ƙanƙara ne. In ɗauki tsintsiya in share inda na share. Carbi a hannuna amma ban san inda na tsaya ba. Da na ga zan zauce, sai na shiga ɗaki na durƙusa gaban shukar nan na ce, to, ni da ku.

Na fara raba su. Waɗanda abin bai yi musu yawa ba na kai su ɗaya gefen, masu tsanani na bar su can bakin ƙofa. Kawunan da suka nannaɗe har ba a iya buɗe su na tsinke, na kai murhu na jefa a wuta, don in an yar a ƙasa kiyashi za su maido su. Sauran kuma na bi su ganye-ganye. In tallafi ganyen a tafin hagu, in murje bayansa da babban yatsa a hankali, yatsan ya yi kore ya yi danƙo. Inda yatsa ba ya shiga, tsakanin reshe da reshe, na sa gashin kaza. Na bi hanyar kiyashin har na gano raminsu a gindin taga, na toshe da laka, na zagaye kowace tukunya da toka mai kauri.

Sannan na fita ƙofar gida na tsinko ganyen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, na tsinci busassun 'ya'yansa a gindin bishiyar. Na zuba a turmi da 'yar tafarnuwa na kama daka. Hajiya ta fito tana toshe hanci.

"Hansai, a turmin furata? Wannan ɗaci ai sai ya shekara bai fita ba!"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, zan wanke."

"Da wane ruwan?" Ta tsaya tana kallona. Ban san me ta gani a fuskata ba. Sai ta karɓe taɓaryar ta ce, "Kawo nan."

Muka jiƙa shi ya kwana. Da safe na tace da tsohon ɗankwali, na ɗan shafa sabulun salo a ruwan, kaɗan, yadda zai yi santsi a hannu ba tare da ya yi kumfa ba. Ƙunar da na gani ta sa ni tsoro, don haka na gwada a reshe guda tukuna na bar shi ya wuni. Da na ga bai yi komai ba, na huda murfin gorar roba da ƙusa, na jira rana ta bar tagar. Da la'asar sakaliya, lokacin da ƙishirwa ta fi cin mutum, nake kwantar da kowace tukunya a cinyata in fesa daga ƙasa, don can suke ɓuya. Ruwan ɗacin na gangarowa ta gwiwar hannuna. Da safe in ɗauraye su da ruwa mai kyau.

Ruwa mai kyaun nan shi ne wahala. Na rage na wankana, na rage na sha da sahur ma ba tare da na sani ba. Rannan na tarar da jarka guda cike a ƙofar ɗakinmu. Na tambayi Hajiya, ta ce ita ba ta san zance ba, in kuma na ƙara tambaya za ta ba awaki.

Darɓa ba ta tafiya da wanki ɗaya. Ki share yau, bayan kwana biyu ki ga 'yan ƙanana sun fito a toho. Sai ki sake. Na haddace shukar nan kamar yadda uwa ke haddace kan ɗanta. Na san wane ganye ne ya tsage, wane ne ke da tabo. Ina murza ina addu'a, har na kasa bambance wa nake roƙa wa, su ko shi. Na riƙa ce wa raina in na samu wannan tushen da tsabta yau, to za a ji labari. In same shi da tsabta, labari bai zo ba. In ce to na gaba.

Ana saura kwana kaɗan Salla hadarin ya cika alkawari. Wajen azahar gari ya yi tsit, kaji suka shige ƙarƙashin rumfa, sai iska mai sanyi ta bugo ƙofa. Ɗigon farko da ya faɗi a kwano kamar an jefa tsakuwa. Na leƙa na ga na gaske ne, na ƙwala wa Hajiya kira.

"A kama awakin!"

Ta ja su ta tura bayi ta sa sakata, suna ta ihu. Muka yi ta jidar tukwane, ni da ita, tsofai-tsofai da mu, muna zamewa a siminti. Muka jera su a tsakiyar gida ruwa ya sauka a kansu. Na bi su ina karkata kowane don ya samu ta ƙasa. Wani baƙi-baƙi kamar kunkunniya da danƙon ya bari a ganye ya riƙa wankewa yana bin rariya. Hajiya ta tsaya cikin ruwa ta ɗaga hannu, ta rufe baki gam don kada ɗigo ya karya mata azumi, tana dariya ta hanci. Ni kuwa ina tsaye zanina ya jiƙe sharkaf, abin da ke raina ɗaya ne: wannan ruwan yana dukan Malam a wani wuri, ko kuwa yana sauka ne a kan ƙasar da ta rufe shi?

Aka ga wata, aka yi Salla. Ban sa lalle ba. Matar Sale ta zo muka zauna a ɗakina, ga tuwon Salla a rufe har ya huce. Da za ta tafi ta dubi taga ta ce, "Lah, Inna, sun yi fure." Na duba. 'Yan farare ne, ƙanana, sun sunkuyar da kai ƙasa. Ina tare da su dare da rana amma bayan ganye kawai nake kallo, ban gan su ba.

Bayan Salla da 'yan kwanaki, da la'asar, ina tace ruwan bedi na ji salatin Hajiya a zaure. Na fito da ɗankwalin a hannu yana ɗiga. Malam ne. Babu hula, babu takalmi, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage, rigar da ya fita da ita ta koma kalar ƙasa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Hannunsa babu komai.

Na zauna a inda nake. Alhaji ya fito, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rungume shi.

Daga bakin Sale muka ji yadda aka yi, don shi ma Allah ya maido shi. Sun isa ƙauyen sun tarar babu rumbu ko ɗaya a tsaye. A hanyar dawowa aka tare su a bakin rafi aka karɓe babur da waya da takalma, suka samu suka faɗa daji. Suka yi kwanaki suna ɓuya da rana, suka ɓata hanya, ruwan nan da ya sauka shi suka sha a kogon dutse. Da ƙyar suka fito Sabuwa, wani mai motar itace ya taimaka musu.

Malam shi bai ba da labari ba. Da aka ba shi ruwa ya sha, ya tashi yana ɗingishi ya shiga ɗaki. Na bi shi. Ya zauna a ƙasa gaban tukwanen ya miƙe ƙafafu. Ya kai hannu ya juya ganye guda. Ya juya na biyu. Ya bi tushen nan tun daga ƙasa har sama, ya koma na kusa da shi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin numfashinsa.

Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Na tona tokar rumbun da hannuna, Hansai. Ko wuyan gorar ban samu ba."

Na ce, "Ka dawo, Malam. Ya isa."

"Waɗannan ke nan suka rage a duniya."

"To ka bar taɓa su da wannan hannun, ka tashi in gasa maka ƙafa."

Damina ta zauna, aka ɗaure awaki kamar yadda ake yi in shuka ta fito, muka fitar da tukwanen tsakar gida. 'Yan jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya suka zo da kansu, Malam ya hana kowa kore su, ya ce su ne ke cinye ragowar darɓar. Duk da haka ban bar feshin bedi ba sai da 'ya'ya suka kama. Ƙafarsa ta warke, amma zaman bai zo masa ba. Ya riƙa kewaya tukwanen kamar mai jiran haihuwa, kaza ta matso ya bi ta har zaure. Barkono na nuna a gaban idonmu, miyarmu kuwa da na kasuwa ake yi, don ya ce ko guda ba za a taɓa ba. Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake gaida barkono da safe ba sai nata.

Malam ya ƙara wasu shekaru bayan wannan kafin ciwon ajali ya same shi, kuma bai sake ganin ƙauyenmu ba. Amma in na tuna shi, ranar da ya ɓare irin nan nake tunawa.

Barkonon ya bushe sarai, ya zauna a inuwar katanga da faifai bayan sallar azahar. Abin da ya fito bai cika tafin hannu biyu ba. Ya gauraya da toka kamar kullum. Na kawo masa wata 'yar kwalba da na wanke don ya ɗura. Ya ce a'a, in ba shi tsohon zani. Ya yayyaga shi ƙanana, ya riƙa ɗiban iri da yatsu uku yana ƙullewa. Na farko ya ce na Sale ne. Na biyu na wani ɗan ƙauyenmu da ya koma Mabai. Akwai na waɗanda suka tsaya a Sabuwa, akwai na wata gwauruwa da ke nan bayan kasuwa. Har Hajiya ya miƙa wa ƙulli guda, ta ce ita da awaki ina ita ina shuka, amma ta karɓa ta soke a haɓar zani.

Na ga faifan ya kusa komawa wayam, na ce, "Malam, namu fa?"

Ya nuna ɗan abin da ya rage a gefe. "Ga shi nan. Baba ya tara shi a gora guda, ni ma na bi sahunsa, wuta guda ta ishe shi. Yanzu mai son ya ƙone shi sai ya bi gari-gari."

Ya tattara ɓawon da ya cire wa ƙwaya, ja wur, ya turo mani. "Wannan kuma naki ne. A sa mana a miya."

Na yi miyar kuka a ranar, tun rana ba ta yi sanyi ba, don ya ce ba zai jira dare ba. Ya ci yana zufa yana jan hanci, ya side kwanon, ya ce ko da saura. Rabon da ya nemi ƙari tun muna gida. Na tashi na ƙaro masa, na koma madafi in kashe wuta. Kafin in fito ya kishingiɗa a tabarmar nan gindin katanga, hannunsa a kan ciki, kaji na yawo a kusa da ƙafarsa bai sani ba. Hajiya ta zo wucewa da tsintsiya, na yi mata alama da hannu, ta ajiye ta a hankali ta koma ɗaki. Sai da rana ta yi ja, na ji tsoron magariba za ta riske shi, sannan na taɓa ƙafarsa na ce, "Malam, tashi."